Ta haddace ƙa'ida, amsa ta ƙi fita: watanni shida na wata ɗalibar lise a Zinder da lissafin karo

Kafin matsalar ta fito

Ɗalibar tana ajin kimiyya a wata lise a cikin garin Zinder, gidansu a Birni. A lissafi ba ta da rauni: tana warware ikwasiyon biyu a haɗe, ta iya mai daraja ta biyu, kayenta tsaf-tsaf. A gida Hausa ake yi, a aji Faransanci, kuma da Faransancin ake rubuta mata kowace tambayar fizik.

Darasin da ya tsaya mata shi ne na abin da littafin aji ke kira quantité de mouvement, wanda a nan za mu ce masa yawan motsi. Ana samun sa ne idan aka ninka mas ɗin jiki, a kilo, da gudunsa, a mita cikin sakan: p = m × v. Ƙa'idar kuwa gajeriya ce. Idan jikkuna biyu suka yi karo, kuma babu wani ƙarfi daga waje da ya rinjaye su a ɗan lokacin karon, jimillar yawan motsinsu kafin karo daidai take da jimillar bayan karo. Tushen wannan yana cikin doka ta uku ta Niuton: ƙarfin da A ya danna B da shi, da irinsa B ya danna A ta kishiyar fuska, kuma tsawon lokaci ɗaya suka yi suna danne juna. Abin da ɗaya ya rasa, ɗayan ya samu. Duk wannan tana iya faɗinsa da ka, ba gargada.

Makon farko na Nuwamba: 6 bisa 20

Jarrabawar aji ta farko a kan darasin tana da tambayoyi huɗu. Ta ci ta farko, inda wani jiki ya cim ma wani daga baya suka manne. Sauran ukun sun zube.

Ta biyu ita ce ta fi nuna inda abin yake. Jiki A mai kilo 3 yana tafiya dama da mita 4 a sakan, jiki B mai kilo 2 yana tahowa daga dama da mita 5 a sakan, suka yi gaba-da-gaba suka manne. Ta rubuta 3 × 4 + 2 × 5 = 22, ta raba da kilo 5, ta sami 4,4. Amsar da ake nema ita ce 12 − 10 = 2, a raba da 5, wato mita 0,4 a sakan zuwa dama.

A ta uku, ƙwallo mai kilo 0,4 ta bugi bango da mita 10 a sakan ta komo da mita 8. An tambayi nawa yawan motsinta ya canza. Ta cire 3,2 daga 4, ta rubuta 0,8. Ƙwallon ta zubar da 4 ɗin da ta tafi da shi, sannan ta ɗauko 3,2 ta ɗaya fuskar, don haka canjin shi ne −3,2 − 4 = −7,2. A ta huɗu ta bar giram 200 a matsayin 200, ba ta mayar da shi kilo 0,2 ba.

Malamin fizik ya rubuta mata a gefen takarda da jan bik cewa ta ƙara atisaye.

Nuwamba: tambayoyi 30 cikin mako uku

Yayanta da ke jami'a ya karɓi aikin. Ya tattaro mata tambayoyi 30 daga littattafan atisaye masu amsa a baya, ta riƙa yin biyu-biyu bayan sallar isha'i. Tsarin shi ne ta yi, ta duba amsa, in ba ta fita ba ta sake.

Da aka ware tambayoyin daga baya, ga abin da aka gani. Guda 18 na jikkunan da ke tafiya fuska ɗaya ne, ko ɗaya yana tsaye. Ta ci 17 a karon farko. Guda 12 akwai gaba-da-gaba ko komowa a cikinsu. 2 kawai ta ci a karon farko. Sauran goman duk akwai alamar daidai a gefensu a kaye, domin bayan ta leƙa amsar baya takan juya ƙari ya koma ragi har lambar ta fito. Kuskuren giram da kilo ya ɓace tun a mako na farko, bai sake dawowa ba.

Farkon Disamba: "hagu ragi ne"

Da Yayan ya lura cewa alama ce ke kayar da ita, sai ya ba ta doka ɗaya: duk abin da ya nufi hagu, ta sa masa ragi. Ta rubuta dokar a bangon kaye.

Kwana biyu abin ya tafi daidai. Daga nan wani sabon kuskure ya ɓullo. Takan rubuta ragi a cikin ƙa'idar kanta, m₁v₁ − m₂v₂, sannan ta sake sa v₂ = −5 saboda dokar Yaya. Ragi biyu suka haɗu suka haifi ƙari, tsohuwar 4,4 ta dawo da ƙafarta. Ta kuma fara sa ragi a gaban gudun da ba a sani ba, bisa hasashen cewa jikin zai koma hagu. In lissafi ya ba ta lamba mai ragi a ƙarshe, sai ta rasa ko dama ake nufi ko hagu. Tambayar da ba ta ambaci dama da hagu ba, misali ƙwallon da aka saki daga sama ta bugi daɓe ta yi tsalle, dokar ba ta ce mata komai a kanta ba.

Jarrabawar ƙarshen zangon farko: 8 bisa 20.

Mako na biyu na Janairu: malam ya sa ta karanta da baki

Bayan hutu malamin ya karɓi kayenta ya bi shi shafi-shafi. Babu zane ko ɗaya a cikin tambayoyi 30. Kowace amsa da ƙa'ida take farawa, lambobi su biyo baya a jeren da suka zo a cikin tambaya.

Ya zaunar da ita bayan an tashi, ya ɗauko tambayar kilo 3 da kilo 2, ya ce kada ta taɓa bik, ta ba shi labarin da Hausa.

Ta ce: "Malam, wannan ya tafi, wancan ya taho, suka haɗu."

Ya ce: "Sake faɗi. Wa ya tafi, wa ya taho?"

Ta maimaita. Ya ce: "To a takardarki duka biyun tafiya suka yi."

Ta daɗe tana kallon layin 12 + 10 kafin ta ce: "Wallahi haka ne, Malam. Ban sa tahowar ba."

A kan wannan ya gina sauran aikin. Hausa tana ɗauke da fuskar motsi a cikin aikatau: tafi da taho, koma da komo, fita da fito, tura da turo. Wasalin o na ƙarshe yana nuna cewa abin ya nufo inda mai magana yake. Kalmar vitesse ta Faransanci kuwa ita ce ta saurin da agogon mota ke nunawa, ita ce kuma ta gudu mai fuska, irin wanda ake zanawa da kibiya. Ya ja layi a tabulo, ya zana ɗan mutum a bakin layin ta hagu, ya ce mata nan take tsaye, kuma ba ta matsawa har tambaya ta ƙare. Duk abin da ya tafi, ƙari ne. Duk abin da ya taho ko ya komo, ragi ne. In tambayar sama da ƙasa ce, sai ta zaɓi ko a ƙasa take tsaye ko a sama, ta zana kanta a can.

Sannan ya ɗauko sulalla biyu na dala ashirin-ashirin ya ɗora a kan tebur mai santsi. Ya ɗalle ɗaya ya bugi ɗayan a tsakiya: na farko ya kusa tsayawa cik, na biyu ya wuce da gudun. Ya sa ta ɗalle biyu lokaci ɗaya daga hannu biyu su yi gaba-da-gaba, ta ga kowanne ya koma inda ya fito. Ta yi ta yi har sau goma sha, tana faɗin "ya tafi, ya komo" kafin ta rubuta alamar.

Kuskurenta yana da tsohon tarihi, kuma malamin ya gaya mata. A 1644 masani Dekart ya ɗauki yawan motsi a matsayin girman jiki sau saurinsa, ba tare da fuska ba, shi ya sa yawancin ƙa'idodin karo da ya fitar ba su dace da abin da ido ke gani ba. Sai a 1668 da 1669 Walis, Ren da Hoigens suka aika wa ƙungiyar masana ta Landan da ƙa'idodin da suka lura da fuska, kafin littafin Niuton na 1687.

Sauran Janairu: shafi mai gida biyu

Daga ranar aka canza yadda take shimfiɗa aiki. Tana raba shafi biyu da layi a tsaye, hagu "kafin", dama "bayan". A kowane gida tana zana jikkunan, da mas a cikinsu, da kibiyar gudu a kansu. A ƙasa tana jan layin aunawa mai kibiya ɗaya, da ɗan mutum a bakinsa. Sai ta kewaye jikkunan da ke cikin lissafi da da'ira, ta rubuta a gefe ko akwai ƙarfin waje da ke shiga da'irar ta fuskar layin. Bayan haka ne kawai take jera lambobi, kowanne da alamarsa, kowanne a kilo da mita cikin sakan.

Abu biyu malamin ya kafe a kai. Ƙa'idar kullum da ƙari ake rubuta ta, m₁v₁ + m₂v₂ = m₁v₁′ + m₂v₂′, ragi a cikin lamba kaɗai yake zama (alamar ′ tana nufin gudun bayan karo). Gudun da ba a sani ba kuma ba a sa masa alama, lissafi ne zai faɗi fuskarsa. An rage yawan aiki zuwa tambaya ɗaya a dare, ba a duba amsar baya sai bayan ta rubuta jimla ɗaya da ke cewa amsar ta yi kama da gaskiya ko a'a.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta kashe 4,4. Jiki A yana tafiya da mita 4, aka tare shi ta gaba. Babu yadda za a yi ya fito daga karon yana gudu fiye da da, a fuskarsa ta da. In jikkuna biyu suka manne a kan layi ɗaya, gudunsu na tare yana faɗowa ne tsakanin gudunsu biyu na farko, yana karkata wajen mai nauyi, kuma alamarsa ita ce ta wanda ya fi yawan motsi.

Da'irar ta warware mata tambayar bango. In ƙwallo kaɗai aka kewaye, bango yana waje, ƙarfinsa na waje ne, don haka yawan motsin ƙwallon ba ya tsayawa yadda yake. Ta kuma gane dalilin da ya sa ake watsi da gogayya a lokacin karo: ƙarfin gogayya na niuton 2 a cikin sakan 0,02 yana canza yawan motsi da 0,04 ne kawai, alhali ana maganar 12 da 10. In aka bar jikin ya ci gaba da jan ƙasa na sakan biyar bayan karon, wannan wani lissafi ne daban.

A ƙarshen wata aka kawo tambayoyin ja da baya. Yaro mai kilo 50 yana tsaye a kan kura mai kilo 100, irin wadda ake tura kaya da ita a kasuwar Dole, ya yi tsalle gaba da mita 2 a sakan. Kafin tsalle jimilla sifili ce, don haka 50 × 2 + 100 × V = 0, V = −1: kura ta komo da mita 1. Ta ci wannan. Da aka ce mita 3 a sakan ne par rapport au chariot, wato idan aka auna daga kan kurar, ta sa 3 kai tsaye ta sami −1,5. Sai da aka koma ga ɗan mutumin da ke tsaye a ƙasa: shi abin da yake gani gudun yaro V + 3 ne. Daga 50(V + 3) + 100V = 0 ake samun V = −1, yaron kuma mita 2. Ta buɗe shafi a bayan kaye tana tara irin waɗannan kalmomi, au repos, en sens inverse, rebondit, par rapport à, kowace da ma'anarta da Hausa da abin da take sawa a rubuta.

Cikin tambayoyi 14 na wannan wata ta ci 11 a karon farko.

Fabrairu: makamashi ya shigo, abin ya ja baya

Da aji ya shiga karo mai tsalle, inda makamashin motsi, ½mv², ba ya raguwa, sai ta fara cakuɗa ƙa'idodin biyu. Mako biyu tana faɗuwa rabin tambayoyin.

Mafi munin su shi ne na lilon auna gudun harsashi, wanda Benjamin Robins ya ƙirƙiro a 1742. Harsashi mai giram 10 da gudun mita 400 a sakan ya shige cikin gungumen itace mai kilo 1,99 da aka rataye da igiya. Ina tsayin da gungumen zai hau? Ta ɗauki makamashin harsashin, jul 800 (jul shi ne ma'aunin makamashi), ta ce duk shi ne zai ɗaga gungumen, ta sami mita 40. Ita da kanta ta rubuta a ƙasa cewa wannan ya fi ƙarfin igiya. Gyaran shi ne ƙara gida na uku a shafi. Daga gida na ɗaya zuwa na biyu karo ne, yawan motsi ake bi: 0,01 × 400 = 2 × V, V = 2. Daga na biyu zuwa na uku lilo ne, makamashi ake bi: tsayi V² a raba da 2g, wato 4 bisa 20 idan g, fizgar ƙasa, 10 ne, mita 0,2. Daga jul 800, jul 4 kaɗai suka rage bayan karon. Sauran sun tafi a zafi da ƙara da ɓarkewar itace.

Daga nan aka ƙara tambaya ɗaya a kan kowane layin da ya raba gidaje: me ya tsaya a nan, yawan motsi, makamashi, ko duka biyu?

A karo mai tsalle na gaske matsalarta tsawon lissafi ne. Kilo 2 da mita 3 a sakan ya bugi kilo 1 da ke tsaye. Haɗa ikwasiyon biyu, na yawan motsi da na makamashi, yana kai wa ga v² − 4v + 3 = 0, amsa 1 ko 3, ta kasa zaɓa. Amsar 3 tana nufin jikin bai canza gudu ba, wato ba a yi karon ba. Irin wannan amsa kullum tana fitowa, kuma kullum ita ake jefarwa. Malamin ya nuna mata gajeriyar hanya: a karo mai tsalle kan layi ɗaya, saurin da suka kusanci juna da shi daidai yake da saurin da suka rabu da shi. Nan v₂′ − v₁′ = 3, tare da 2v₁′ + v₂′ = 6, amsa 1 da 4. Ta gwada makamashi: 9 kafin, 1 + 8 bayan. Da aka juya, kilo 1 ya bugi kilo 2, ta sami −1 da 2, ta rubuta a gefe "ƙaramin ya komo" ba tare da an tambaye ta ba.

Maris: karo a mahaɗar hanya

Tambayoyin fuska biyu sun zo da sauƙi fiye da yadda aka zata. Mota mai kilo 1200 ta nufi gabas da kilomita 36 a awa, wata mai kilo 1800 ta nufi arewa da kilomita 18, suka haɗu a mahaɗa suka sarƙe. A gwajin farko ta mayar da gudun mita 10 da mita 5 a sakan daidai, amma ta tara 12000 da 9000 ta raba da 3000, ta sami 7. Da aka ce ta ja layin aunawa biyu, na gabas da na arewa, ta yi lissafi biyu daban: mita 4 gabas, mita 3 arewa, a haɗa da ƙa'idar Pitagor, mita 5 a sakan, kusurwa kamar digiri 37 daga gabas zuwa arewa. Bayan tambaya uku irin wannan ba ta sake tara kibiyoyi masu fuska daban kamar lambobi ba.

Afrilu: sakamako

A jarrabawar aji ta tsakiyar Afrilu, mai tambayoyi biyar a kan karo da ja da baya, ta sami 15 bisa 20. Babu kuskuren alama ko ɗaya. Maki uku sun tafi a tambayar ƙarshe da lokaci bai ishe ta ba, biyu a wani cosinus da ta sa a wurin sinus.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Tambayoyi 30 na Nuwamba ba su taɓa ciwon ba, domin fiye da rabinsu ana cin su ko da ba a san cewa gudu yana da fuska ba, sauran kuma amsar baya ta ba ta damar gyara alama ba tare da ta san dalili ba. Da an ware su gida biyu tun a makon farko, da 17 bisa 18 da 2 bisa 12 sun nuna wurin nan take. Dokar "hagu ragi ne" gaskiya ce rabi: ta faɗi alamar, ba ta faɗi inda alamar ke zama ba, ba ta kuma koya mata cewa ita ce ke zaɓar fuska ba.

Abin da ya juya lamarin shi ne mayar da fuska abin da ake yanke shawara a kansa kafin a taɓa lamba. Ɗalibar ta riga ta san bambancin tafi da taho tun tana ƙarama. Abin da ya rage shi ne a tsayar da ita wuri ɗaya a kan takarda. Wannan dabara tana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta: wasalin o yana bin mai magana ne, don haka in ɗalibi ya matsar da kansa a tsakiyar tambaya, ya bi yaro ya hau kura, alamomin za su rikice kamar da. Ɗan mutumin da ake zanawa a bakin layi shi ne ke hana hakan.

Gwajin makamashi da ake yawan ba ɗalibai shawara a kai yana da amfani, amma bai kamata a dogara da shi wajen kama kuskuren alama ba. Amsarta ta 4,4 tana ba da jul 48,4, ƙasa da jul 49 na kafin karo, don haka ta wuce gwajin lafiya lau. Haka ma mita 7 na mahaɗa. Zane da tambayar "ko wannan zai yiwu?" su ne suka kama duka biyun.

Shafi mai gidaje yana cin lokaci, kusan minti uku a kowace tambaya, kuma shi ne ya hana ta gama tambayar ƙarshe a Afrilu. Malamin bai yarda ta daina shi ba. Ya bar ta ta rage zanen zuwa ɗigo da kibiya, ya sa mata agogo: minti ɗaya ga zane da layi da da'ira, tambaya biyu a mako, har zuwa jarrabawar ƙarshen shekara.